Maigida ya ce mu same shi a Maleshiya, Umma ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, ina da yara biyu: babban yana da shekara huɗu, ƙaramar kuma shekara ɗaya da rabi. Maigidana ya tafi Maleshiya karatun digiri na uku a wata jami'ar gwamnati kusa da Kuala Lumpur, wata 14 ke nan, kuma da saura aƙalla shekara biyu. Yanzu ya ce in shirya mu koma wajensa ni da yara. Raina yana so, don ƙaramar ba ta san shi ba sai a waya. Amma Ummata ta ce ba da yawunta ba, wai ƙasa ce da ake rataye 'yan Najeriya, kuma ba za ta yarda in hau jirgi ni kaɗai da ƙananan yara ba. Ni kuwa ko Legas ban taɓa zuwa ba. Wani ejan ya ce zai fitar mana da bizar yawon buɗe ido cikin sati biyu, in mun isa sai a mayar da ita ta zama. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce za ta biya mini rabin kuɗin tikiti idan zan kai wa ƙanenta saƙon jaka guda. Maigida bai san da zancen jakar ba. Anti, wace irin ƙasa ce wannan? In tafi ko in haƙura?

Wata matar aure, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaran, ya ba maigida sa'ar abin da ya je nema. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, don shi ne ba ya jiran gobe. Jakar nan kada ki karɓe ta. Ko an zuge ta a gabanki, ko an ce garin rogo ne da man shafawa, ko ƙanen nata hafizi ne, kada ta shiga cikin kayanki. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Maleshiya, wadda aka kafa tun 1952, tana ɗaukar wanda aka samu da giram 15 na hiroyin, ko giram 40 na hodar ibilis, ko giram 50 na ƙwayar ais, ko giram 200 na tabar wiwi, a matsayin mai safara, sai dai shi ya tabbatar wa kotu cewa ba haka ba ne. Giram 15 bai cika tafin hannu ba. Ana iya ɗinke shi a bayan shafin jaka, ko a dundunniyar takalmi, ko a cikin gwangwanin da aka sake liƙewa. Har zuwa 2023 alƙali ba shi da zaɓi a kan wannan laifi sai hukuncin kisa, in ban da a wasu yanayi ƙalilan. Daga shekarar aka ba shi zaɓi tsakanin kisa da ɗaurin shekara 30 zuwa 40. Wanda aka kama jakar a hannunsa shi ake tuhuma, “saƙo aka ba ni” kuwa kalma ce da jami'an filin jirgi suka saba ji.

Ba na cewa maƙwabciyarki muguwa ce. Tana iya yiwuwa ita ma ba ta san abin da za a ba ta ba. Amma ki auna da kanki: rabin tikitin zuwa Maleshiya ya ninka kuɗin aika jaka ta kamfanin kai saƙo sau da yawa. Mai biyan tsada a kan abin da zai samu da araha, akwai abin da yake saye wanda bai faɗa ba. Ki ce mata maigida ya hana ki ɗaukar saƙon kowa, kuma don maganar ta zama gaskiya, ki gaya masa yau. Ɓoye masa da kika yi alama ce cewa zuciyarki ta riga ta ba ki amsa.

Sai ejan. Abin da yake son sayar miki ba shi ne abin da kike buƙata ba. Iyalin ɗalibin da ke digiri na biyu ko na uku suna da tasu takardar zama, wadda ake ɗaurawa a kan ta ɗalibin. Maigida ne zai nema ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, su kuma su miƙa wa hukumar shige da fice ta ƙasar. Idan an amince, za a fitar da wasiƙar izini, da ita za ki nemi bizar shiga a ofishin jakadancin Maleshiya da ke Abuja, idan kun sauka kuma a manna muku takardar zaman a fasfo. Hanyar tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, amma ita ce ke da tushe. Bizar ziyara kuwa kwanakinta ƙidayayyu ne, ba su cika wuce 30 ba, kuma a mafi yawan lokuta ba a juya ta a cikin ƙasar, sai an fita an sake shigowa da takardar da ta dace. Wanda ya zarce kwanakin da aka buga masa yana fuskantar tara mai tsanani, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko duka biyun, ga tsarewa a sansanin baƙin haure da hana sake shiga. Kuma matsalar ba a kanki za ta tsaya ba, za ta iya shafar takardar karatun maigida. Ranar da abin zai ɓaci, wayar ejan a kashe za ki same ta.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara tattara takardu tun yanzu. Kowannenku uku sai da nasa fasfo, har jaririyar, kuma ya zama da sauran rai mai tsawo: wata shida shi ne mafi ƙaranci don shiga, amma mai zuwa zama gara ya sami fiye da shekara ɗaya da rabi. Za a nemi takardar shaidar aure da takardun haihuwar yara na hukumar ƙidaya, kuma yawanci sai an tantance su da hatimin hukuma, an fassara wadda ba da Turanci take ba. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne rubutun suna. Idan a fasfo an rubuta Muhammad, a takardar haihuwa Mohammed, a ta aure kuma an ƙara sunan gari, to ki gyara tun kina gida da takardar rantsuwa ta kotu. Akwai kuma takardar wankewa ta hukumar NDLEA, wadda ake nema daga 'yan Najeriya masu zuwa Maleshiya, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Wanda ya sauka daga Najeriya ba shi da katin ana iya killace shi har kwana shida. Cikakken jerin takardun jami'ar ce za ta bai wa maigida, shi za ki bi, ba na bakin mutane ba.

Yanzu mu zo kan Umma, don a nan zuciyarki ta fi nauyi. Tsoronta ba na banza ba ne. An sha kama 'yan Najeriya a ƙasar kan ƙwaya da damfara ta intanet, labarin kuma shi ke isowa gida, ba labarin ɗimbin malaman jami'o'inmu da suka je suka yi karatu suka dawo lafiya ba. Ita ba taswira take kallo ba, 'yarta take kallo da jikokinta biyu. Don haka kada ki shiga musu da ita, kada kuma ki ce mata ai miji ne ke da iko. Wannan magana ko ta yi nasara za ta bar tabo. Aikin na maigida ne: ya kira ta da kansa, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya nemi izininta, ya zagaya da ita ta bidiyo cikin gidan da za ku zauna, da masallacin unguwa, da kasuwar da zai riƙa cefane. Idan a danginku ko unguwarku akwai wanda ya yi karatu a can ya dawo, kuma a gari irin Zariya da wuya a rasa, a roƙe shi ya je da matarsa su zauna da Umma. Gani ya kori ji. Idan akwai kawu ko baffa da take jin maganarsa, a sa shi a ciki tun farko, kada a tuna da shi sai bayan rai ya ɓaci.

A kan tafiya ke kaɗai kuwa, ina ganin Umma tana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Maleshiya. Ana yada zango ne a Doha, ko Dubai, ko Istanbul, ko Addis Ababa. Ta Doha misali, kusan awa bakwai ne daga Abuja, sannan wata awa bakwai da ɗoriya zuwa Kuala Lumpur, ban da zaman jira a tsakani, wato kusan yini da kwana ke nan, da goyo a baya da ɗan shekara huɗu a hannu, ga wadda ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ga kuma batun muharrami, wanda ya kamata ku kai wa malamin da ku duka kuka yarda da shi. Mafita mafi sauƙi ita ce maigida ya zo hutu, ko ya haɗa da zuwan tattara bayanan bincikensa idan a Najeriya zai yi, ku koma tare. Tikiti ɗaya ne zai ƙaru, amma zai yi sallama da Umma baki da baki, ya karɓi amanarku daga hannunta. Idan hakan ya gagara, a nemi wani iyali da aka sani masu komawa, ku bi jirgi ɗaya. Ki kuma lura da shekarun ƙaramar: yaron da bai cika shekara biyu ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai a kan na babba, da zarar ya cika biyu kuwa sai an saya masa kujera. Wata shida suka rage miki.

To wace irin ƙasa ce? Maleshiya tana kudu maso gabashin Asiya, kuma gida biyu ce da teku ya raba. Akwai ɓangaren da ke manne da Tailan daga arewa da Singafo daga kudu, inda Kuala Lumpur take, akwai kuma jihohin Sabah da Sarawak a tsibirin Borneo. Ta sami 'yancin kai daga Ingila ranar 31 ga Agusta 1957, shekara uku kafin Najeriya, kuma mutanenta sun haura miliyan 30. Musulunci ne addinin ƙasa, Musulmi sun fi kashi 60 cikin ɗari, galibinsu Malayawa. Sauran akwai 'yan asalin Sin da 'yan asalin Indiya masu bin addinin Buda da Hindu da Kiristanci, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin Turawa ko kafin nan. Suna da sarakunan gargajiya tara da ke karɓa-karɓar sarautar ƙasar duk shekara biyar, kuma taɓa sarauta ko addini ko ƙabila a Facebook abu ne da ke kai mutum gaban 'yan sanda, baƙo ya kiyaye. Harshen ƙasa Malayanci ne, amma a Kuala Lumpur da kewayenta Turanci zai fisshe ki a asibiti da kanti da tasha.

Ta fuskar addini za ki sami sauƙin da zai ba ki mamaki. Kusan kowane babban kanti da tasha da gidan mai na babbar hanya yana da ɗakin salla, suna kiransa surau, da ɓangaren mata da wurin alwala, har da fararen hijaban salla da suke kira telekung a rataye don mai buƙata. Hijabinki ba zai ja idon kowa ba. Sai dai abubuwa biyu za su ɗaure miki kai da farko. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ke da kika tashi kina cewa a fuskanci gabas. A otal za ki ga 'yar kibiya a jikin silin tana nuna ta. Na biyu, mazhabar Shafi'i suke bi: za ki ji liman ya bayyana bisimilla, a Asuba a ɗaga hannu a yi alƙunutu bayan ruku'u. Ki bi liman, kada ki ɗauka kuskure yake yi. Lokutan salla ma sun ja baya a agogo, Azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, Magariba wajen bakwai da 'yan mintoci, kusan duk shekara. Kuma ku riƙa yawo da hoton takardar aurenku, musamman in za ku kwana a otal, domin jami'an addini na jihohi suna da hurumin binciken Musulmi namiji da mace da suka keɓe ba aure.

Abinci shinkafa ce safe da rana da dare. Karin kumallonsu da ya fi shahara shi ne nasi lemak: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da miyar barkono mai ɗan zaƙi da ake kira sambal, da soyayyun ƙananan kifi, da gyaɗa, da ƙwai, da yankan kokwamba. Akwai roti canai, wata fankasuwar fulawa mai laushi da ake ci da miyar wake, yara kan so ta tun ranar farko. Akwai satay, ɗan'uwan tsire, sai dai da miyar gyaɗa ake ci ba da yaji ba. Suna son sukari, har a miya, don haka ki haddace kurang manis, wato a rage zaƙi, da tak pedas, wato ban da yaji, saboda yara. Wani ɗanɗano da zai miki baƙo shi ne belacan, daddawarsu ta jatan lande, warinta ya fi na tamu ƙarfi. Kada kuma ki ɗauka duk abin da ke ƙasar halal ne. Ki duba tambarin halal na hukumar JAKIM a jikin kaya da ƙofar gidan abinci. Gidajen abincin Malayawa da na Indiyawa Musulmi, waɗanda ake kira mamak, babu damuwa. Na 'yan Sin da yawa suna dafa alade, sunansa babi, manyan kantuna kuma suna ware wa irin waɗannan kaya lungu na daban da alama a sama.

Kayan miyarki ki tafi da su, don kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sai an sha wuya ake samu, da tsada kuma. Ki ɗaure su da hannunki a leda mai nuna ciki, ki rubuta sunan kowanne, idan kwastan sun tambaya ki nuna ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki haƙura, kayan dabba suna buƙatar izini, ana iya ƙwacewa. Manja da doya da rogo da kuɓewa ɗanya da tattasai duk akwai a kasuwanninsu, Maleshiya ma tana sahun gaba a duniya wajen noman kwakwar manja. Magani kuma a kula: duk wanda ke ɗauke da kodin ko tiramadol kada ya shiga jakarki sai da takardar likita mai sunanki, kuma a cikin kwalinsa na asali.

Yanayi zafi ne mai gumi daga farkon shekara har ƙarshenta. Da rana yakan kai digiri 32 ko 33, bai kai zafin bazarar Zariya ba, amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, wanki ma yakan yini bai bushe ba. Babu hunturu, babu ƙura. Ruwa yakan sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya, da tsawa, ya ɗauke bayan awa guda. Daga Nuwamba zuwa Maris damina mai ƙarfi takan bugi jihohin gabar gabas, Kelantan da Terengganu da Pahang, har da ambaliya, wasu shekarun kuma hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya yakan rufe sama tsakanin Agusta da Oktoba. Ki ɗinka kayan auduga marasa nauyi, shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu a bar su don ranar Salla. Yara za su yi ƙurajen zafi a makonnin farko, wanka sau biyu da sakakkun kaya suna maganinsu.

Ciwon da za ki sa wa ido shi ne zazzaɓin dengi. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, musamman da sassafe da yamma, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, irin wanda ke taruwa a ƙarƙashin tukunyar fure ko a bokitin da aka manta. Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya, a ɗirka wa yaro maganin da aka zo da shi daga gida. A biranen Maleshiya ba maleriya ce ke yawo ba. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, a ba shi farasitamol da ruwa da yawa, a guji asfirin da ibufurofen don suna ƙara haɗarin zubar jini, a kai shi asibiti a gwada jini. Ƙananan asibitoci suna kowace unguwa, amma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya ko a asibitin gwamnati, saboda haka ki tambayi maigida abin da inshorar lafiyarku ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba. Haihuwa galibi ba ta ciki, kuma haihuwa a can ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. Lambar gaggawa 999 ce.

Wannan ya kawo mu ga zancen da sai kin yi da maigida a fili, wato kuɗi. Kewa ce ta sa ya ce ku zo, kuma abin yabo ne, amma kewa ba ta biyan haya. Takardar zamanki ba ta ba ki izinin aiki ba, shi kansa aikin da aka yarje wa ɗalibi ɗan kaɗan ne, a lokacin hutu, da izini. Idan da naira ake turo masa kuɗi, duk faɗuwar da ta yi a tukunyarku za ta bayyana. Ki tambaye shi cikin ladabi: yanzu ɗaki yake haya da abokai ko gida? Kama gida a can yawanci sai an ajiye kuɗin wata biyu na jingina, da wata ɗaya na kafin alƙalami, da rabin wata na wuta da ruwa, wato kuɗin wata uku da rabi a dunƙule kafin a ba da makulli. Akwai kuma masu gidajen da ba sa ba 'yan Afirka haya, wannan gaskiya ce mai ɗaci, shi ya sa ya kamata makulli ya shiga hannunsa kafin a sayi tikiti. Ga sabunta takardun mutum huɗu duk shekara, ga makarantar babban, wanda zai kai shekara shida kafin ku dawo, makarantun kuɗi na 'ya'yan baƙi kuwa suna da tsada. Ya rubuto miki lissafin wata guda, abin da ke shigowa da abin da ke fita. Idan lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ki tafi da zuciya ɗaya. Idan bai tsaya ba, akwai tsaka-tsaki: ku je ziyara ta 'yan makonni da bizar ziyara ta gaskiya da tikitin dawowa, ku fito kafin kwanakinku su cika, ko kuɗin ya tafi a zuwansa gida duk shekara. Wannan ba gazawa ba ce.

Idan tafiya ta tabbata, cikin kwana uku kafin saukarku za a cike wa kowannenku katin shiga ƙasa ta intanet, ana kiransa MDAC. Kyauta ne a shafin hukumar shige da fice, duk shafin da ya nemi kuɗi na 'yan damfara ne. A jakar hannu ki sa fasfo, da wasiƙar izini, da katin rigakafi, da kwafin fasfo da takardar karatun maigida, da adireshin gida da lambar wayarsa a rubuce a takarda, kada ki dogara da wayar da caji zai iya ƙarewa. Mai fasfon Najeriya yakan sha tambayoyi, wani lokaci a kai shi wani ɗaki a ƙara dubawa. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, a natse, kada ki miƙa wa kowa na goro, can laifi ne babba. Filin jirgin yana Sepang, kimanin kilomita 50 kudu da Kuala Lumpur. Akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kai mutum tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma mai yara da akwatuna gara ya kira mota ta manhajar Grab. A hagu suke tuƙi, don haka wajen tsallaka titi ki fara duban dama. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Jakar hannu kuma a rataye ta ta ɓangaren da ba na titi ba, saboda masu fizge a kan babur.

Abin da ya fi kayar da matan ɗalibai a can ba 'yan sanda ba ne, kaɗaici ne. Maigida zai fita tun safe ya dawo dare, ke kina hawa na goma sha wani abu, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, babu suna babu biki. Ki roƙe shi ya haɗa ki da matan 'yan'uwansa ɗalibai tun kafin ki taso. A yankunan jami'o'i irin su Serdang da Kajang da Gombak akwai iyalan 'yan Najeriya, har da Hausawa. Ki sami katin Touch 'n Go na biyan kuɗin sufuri, ki koyi hawa jirgin cikin gari, wasu layukan suna da taragon mata zalla mai alamar ruwan hoda. Malayawa mutane ne masu sanyin murya da kunya, ɗaga murya a wajensu rashin tarbiyya ne. Ana cire takalmi a ƙofar gida, ana nuni da babban yatsa maimakon manuniya, bayan musafaha a kai hannu ƙirji. Ki kira babbar mace makcik, tsararki ko wadda ta ɗan girme ki kak, ki iya terima kasih, wato na gode, za ki ga fuska ta sake.

Wuraren zuwa ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. A gindin tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 akwai lambu da filin wasan yara da ɗan tafkin da suke wasan ruwa, kyauta. Akwai babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, kusa da shi kuma gidan adana kayan fasahar Musulunci, mai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. A Putrajaya, mazaunin gwamnati, akwai masallaci mai ruwan hoda a bakin tafki. Yadi da gyale da hijabi sai titin Tuanku Abdul Rahman da na Masjid India, a nan za ki yi wa Umma tsaraba. Idan an sami hutu, Melaka awa biyu ce a bas, tsohuwar daular Musulunci da Turawan Fotugal suka ci a 1511. In kuma azumi ya same ku a can, kasuwannin buɗa baki na yamma kaɗai sun isa kallo.

Maleshiya tana gaban Najeriya da awa bakwai. Idan Umma ta idar da Azahar wajen ƙarfe biyu, ku tara na dare ne, yara sun yi wanka ba su kai ga barci ba. Ki yi mata alkawarin kira a wannan lokaci kullum, kafin ki tafi kuma ki sa wani ƙanenki ya koya mata ɗaga kiran bidiyo da kanta. A wannan makon dai abu uku ne a gabanki: ki mayar wa maƙwabciya amsa, ki sallami ejan, maigida kuma ya je ofishin jami'arsa ya karɓo jerin takardu sannan ya kira Umma. Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ya kai ku lafiya.